Wusasa da Yaɗuwar Ekklisiya a Arewa

A shekarar 1900 wata ƙungiya ta Mishan ɗin C.M.S., ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta isa birnin Kano da niyyar yin wa'azi. Sarkin Kano Alu ya ƙi ba su masauki, suka juyo suka zauna a Girku, kudu da Zariya. A cikinsu akwai wani saurayin likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila. A 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta.

Burin Mila shi ne ekklisiya ta Hausawa zalla, kuma a wannan bai sami abin da ya so ba. Sarakuna ba su yarda ba, Gwamnati kuwa ta riga ta yi musu alkawarin ba za ta taɓa addini ba. Jama'ar da ta fi ƙarfafa masa zuciya su ne Isawa, watau almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa. Wasu daga cikin zuriyarsu suka nemo Mila a 1913, aka kafa musu gari a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya watsa garin. A 1929 aka gama fitar da Mishan daga birni zuwa gindin dutsen Wusasa, inda magina Hausawa suka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, da bakan gizo irin na soron sarakuna.

In ƙidaya za a bi, jama'ar Wusasa ba ta taɓa yawa ba. Amma makarantarta ta ba Arewa mutanen da ba a iya tsallake su a tarihi. Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa, shi ya fara shugabantar Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar ilmi da al'adu. Yakubu Gowon, ɗan mai bishara Bangashe, ya riƙe ƙasa daga 1966 zuwa 1975, shekarun da Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Malaman Hausa kuma ba za su manta da John Tafida ba, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East.

Yawan mabiya a wani gefen ya bayyana, a ƙasar Filato da kudancin Zariya da Adamawa, inda S.I.M. da S.U.M. suka yi aiki. Abin lura shi ne, da harshen Hausa aka yi wannan aikin. Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, wanda Mila ya ɗauki mafi nauyin fassararsa, shi ne ya zama littafin karatu na kabilu masu harsuna barkatai, har Birom da Kaje da Bachama suka iya zama taro ɗaya su fahimci juna. Sunayen ƙungiyoyin ma shaida ne: bayan da aka kafa E.C.W.A. a 1954, a 1955 ekklisiyoyin S.U.M. suka haɗu da sunan Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan. Sa'ad da shugabanci ya fara komawa hannun fastoci da dattawa 'yan ƙasa, waɗanda da Hausa aka koyar da su, da ita kuma suke wa'azi, sai majami'un ƙauye suka yi ta ƙaruwa fiye da zamanin Turawa.

Mila bai ga wannan ba. Ya rasu a 1952 a ƙasar Jos, cikin mutanen da ba dominsu ya yi fassarar ba.