Alherin da ba a ramawa: tarihin wata kalma a ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya tashi a Tasawa ko Mayahi ya san dokar biki. Idan ƙawa ta kawo miki dala ɗari ranar sunan ɗanki, ranar nata za ki kai ɗari biyu, kuma akwai mai riƙe da lissafi, a ka ko a takarda. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya yi shekaru yana nazarin wannan al'ada a ƙasar Maradi, har ya fitar da littafi a kanta a 1986. Abin da ya gano kakanninmu sun riga shi faɗa, da suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A wurinmu kyauta tana ƙulla zumunci ne domin tana dawowa.

Wannan kalma ta alheri ita masu fassarar Littafi Mai Tsarki suka ɗauka, a fassarar Hausa da ta fito cikakkiya a 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa aiki mai yawa. Sun sa ta a gurbin kalmar Girkanci "karis". Ma'anarta a koyarwar Kirista ita ce Allah yana karɓar mai zunubi kyauta, ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, ba don wani aiki da mutum ya gabatar ba, kuma ba shi da abin da zai biya da shi. Ayyukan kirki suna biyo baya a matsayin godiya. An daɗe ana gardama kan wannan: Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya kare ta a gaban Pelagiyus, kuma ita ce ƙashin bayan tawayen Martin Luther a 1517. Ƴan'uwanmu Musulmi ma sun san cewa aikin mutum kaɗai ba ya shigar da shi aljanna sai da rahamar Allah. Inda muka rabu shi ne hanyar da rahamar ke bi.

To, an ɗauki kalmar da Bahaushe ya saba ji da ramuwa a bayanta, aka ce masa ga wani alheri da ba a ramawa. A ganina rabin tarihin Kiristanci a jahar Maradi yana cikin wannan tazara.

Mishan ta SIM ta zauna a Damagaram a 1924, sannan ta buɗe tasha a Tsibirin Gobir kafin 1930. Yawancin turawanta daga Amurka da Kanada suke, Ingilishi suke ji, shi ya sa Faransawa ba su saki jiki da su ba. Wa'azinsu bai jawo mutane da yawa ba. Abin da ya jawo su magani ne: asibitin Galmi a 1950, sai gidan kula da masu cutar kuturta a Danja, kudu da Maradi, a 1956. A Danja ne nake ganin kalmar ta fi kusa da ma'anarta ta littafi. Mutumin da dangi suka ware masa ƙwarya da tabarma, wanda yatsunsa suka ƙare har ba ya iya riƙe hauya, ba shi da abin da zai rama da shi. Aka wanke masa gyambo, aka ci abinci kusa da shi. Wasu daga cikin iyalan masu bi na yankinmu daga nan asalinsu ya fito, ko da yake jikoki ba su cika son a tuna ba, kuma wannan abin takaici ne.

Amma maƙwabta da suka yi zargi ba wawaye ba ne. Sun ga ana wa'azi a inda ake ba da magani, suka auna da ma'aunin da suka sani: wanda ya ba ka, yana jiran wani abu. Har yau akan ce wa mai bi an saye shi da hatsi. Ba kullum zargin yake gaskiya ba, sai dai mishan ɗin ce ta haɗa allura da huɗuba a rumfa ɗaya, ta bar wa ekilisiyar ƙasa, wato EERN da aka kafa jim kaɗan bayan ƴancin kai na 1960, aikin warware su.

Yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ta sake gwada lamarin. Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa a gonaki suna da rai, idan aka rage tohonsu aka bar masu ƙarfi sai su zama itatuwa. Sai aka raba hatsi da sharaɗin manomi ya bar itace a gonarsa. Mutane suka karɓa, suka bari. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare, domin a lissafinsu an biya, an rama, magana ta ƙare. Waɗanda suka bari suka samu itacen wuta da harawa da inuwa, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya guda ba. Sassabin zamani ke nan, wanda ya bazu a Agye da Tasawa da Mayahi. Ba na cewa itace wa'azi ne. Abin da na lura da shi, a matsayina na mai koyarwa, shi ne hatsin da aka ɗaura wa sharaɗi ya sayi biyayya ta damina ɗaya kawai. Mu malamai da iyaye mun san irin wannan a aji da gida, idan yaro ya gane cewa ƙaunar da ake nuna masa tana hawa da sauka tare da makin jarrabawa.

Gwaji mafi zafi ya zo a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen wata jarida a Faransa, wadda Kiristocin Nijar ba su da hannu a cikinta. Shugabannin ekilisiyoyi suka yi shelar yafewa, wasu Musulmi kuma suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu. Na ji masu cewa yafewar ta tilas ce, tunda tsiraru ba su da ƙarfin ramuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma tsoro yana sa mutum ya yi shiru ne, ba ya sa shi ya koma gaisuwar mutuwa gidan da ya san ɗansu na cikin masu jifa.

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi masu bi kaɗan ne, wani wuri gida biyu ko uku, kuma mai wa'azinsu sau da yawa manomi ne da ya yi karatu da Hausa a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye. Ranar Lahadi yana koyar da alherin da ba a biya. Ranar suna kuma matarsa tana kai wa ƙawarta Musulma ɗari biyu a kan ɗarin da aka kawo mata bara.