Haƙorin Talaka da Baitulmalin Hukuma

Duk wanda ya san ƙasar Sarkin Yamma, wadda take ɗaya daga cikin komin shida na gundumar Madarunfa, yamma da birnin Maraɗi, ya san cewa galibin mutanenta manoma ne waɗanda dukiyarsu ba ta shige gero da dawa da wake da gyaɗa da 'yan bisashe ba, kuma ba su karɓar albashin wata, balle a yanke wani abu daga cikinsa a ajiye musu domin ranar lalura. Idan haƙori ya tasar wa ɗayansu da tsakar dare, kumatu ya kumbura har ido ya rufe, ya tauna kanumfari bai ji dama ba, ya kuskure baki da ruwan gishiri abin bai lafa ba, to mas'alar da zai kwana yana juyawa ita ce kuɗin kabu-kabu zuwa Maraɗi, da kuɗin ganin likitan haƙori, da kuɗin maganin da za a rubuta masa. Alhali kuwa matarsa za ta yi awon ciki ba da ko dala ba, ɗansa ɗan shekara uku kuma doka ta ce a duba shi kyauta. Yadda aka yi hukuma ta ɗauki nauyin waɗannan, ta bar wancan da haƙorinsa, abu ne mai asali, kuma asalin nasa ya cancanci a bi shi daki-daki.

A zamanin da, tun Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi suna kafa Maraɗi a bakin gulbi, sha'anin baki yana hannun mutum biyu ne, malami da wanzami. Malami ya riƙe ɓangaren tsafta, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure sun lissafa asuwaki cikin mustahabban alwala, ta haka ɗan itacen goge baki ya shiga ibada, aka riƙa yinsa a kullum ba tare da wani ma'aikacin lafiya ya yi shela ba. Wanzami kuwa shi ke da aska da ƙaho, shi ke yin kaciya, ya cire beli, ya yi tsaga, kuma shi ake kai wa haƙorin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya fizge shi. Abin lura a nan shi ne yadda ake sallamarsa. Kowane gida yana da wanzaminsa na gado, wanda yake da rabonsa na nama da hatsi ranar suna, yake kuma samun ɗan abin da ya sawwaƙa idan kaka ta yi, saboda haka mai ciwo ba ya tsayawa ciniki a lokacin da azaba ta kama shi, ya riga ya biya tun yana da lafiya, ko kuma zai biya sa'ad da rumbu ya cika. Ba na cewa aikin wanzami ba shi da illa, domin ƙarfen da ba a dafa ba ya sha jawo kumburi da zubar jini, amma ƙa'idar da aka gina biyansa a kanta, wato a tara a lokacin wadata domin lokacin tsanani, ita ce dai wadda masana na yau suke ta rubuce-rubuce a kanta da sunan inshora.

Da Faransawa suka kafa mulkinsu, sun shirya wata hukumar jinya ta 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma a 1905, suka buɗe makarantar koyon likita a Dakar a 1918, sai dai himmarsu ta tafi ne ga annobar da ke rage masu biyan haraji da masu aikin tilas, irin su agana da sanƙarau da ciwon barci. Ba a karɓar kuɗi a ƙofar likita, amma ɗakunan likitan ƙalilan ne, kuma a manyan garuruwa suke. 'Yan mishan suka buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya suka kafa na kutare a Danja, cikin wannan gunduma tamu. Likitan haƙori kuwa, in akwai shi, na Nasara ne da manyan ma'aikatansa.

Bayan samun mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta ci gaba da wannan al'ada ta jinya ba biya, kuma a jihar Maraɗi ne aka fara wani shiri da ya yi suna, inda kowane ƙauye yake zaɓen mutum ɗaya ko biyu a koya musu wanke miki da ɗiga maganin ido da ba da ƙwayar zazzaɓi, a kuma ƙara wa ungozomomi ilmin tsafta, a ba su ɗan akwatin magani su koma gida. Wannan ya riga taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi a kan kai lafiya matakin farko ga kowa. Amma akwatin nan ba a sa komai na haƙori a cikinsa ba. Sa'an nan kuɗin yuraniyom da ya ɗaga ƙasa a zamanin Seyni Kountché ya faɗi a farkon shekarun 1980, fari ya biyo baya a 1984, baitulmali ya yi rauni, har kyautar ta zama suna kawai: majo, wato babban ma'aikacin jinya, zai duba ka ba ka biya ba, amma ya miƙo maka takardar magani ka tafi kanti ka saya da tsada, ko ka koma ga masu tallar ƙwayoyi a kan tire.

Daga wannan hali ne aka haifi shirin Bamako na 1987, wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, bisa hujjar cewa gara mara lafiya ya biya kaɗan ya tarar da magani, da a ce masa kyauta ne ya tarar da kanta wayam. Nijar ba ta yi gaggawa ba, sai da ta yi gwaji a 1993, kuma gwajin nan shi ne wurin da ya kamata mai nazari ya daɗe. A gundumar Say aka ce duk wanda ya zo ya biya nan take, babba sefa 200, yaro sefa 100. A gundumar Boboye kuwa aka ɗora sefa 200, wato dala 40, a kan harajin kowane mai biya a shekara, sa'an nan idan ciwo ya zo babba ya ba da sefa 50, yaro 25. Illela aka bar ta a kan tsohon tsari domin a samu abin gwadawa. Sakamakon da ya fito shi ne cewa a Boboye, inda mai lafiya ya taya mara lafiya ɗaukar kaya, zuwan mutane likita ya ƙaru sosai, musamman matalauta da mata da yara. Duk da haka, bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, aka kuma yi dokar 3 ga Yuli 1995 wadda ta wajabta biyan kuɗin jinya a ƙananan ɗakunan likita, hanyar da ta bazu cikin ƙasa ita ce ta Say, domin ta fi sauƙin lissafi, kuma ba ta bukatar a amince wa mai karɓar haraji cewa zai miƙa abin da ya karɓa. A ganina nan ne aka yi babbar asara, domin tsarin Boboye shi ne ya fi kusa da abin da talakan ƙauye ya riga ya saba da shi tsakaninsa da wanzaminsa, kuma shi kaɗai ne yake da ƙofar da wata rana za a iya shigar da cirar haƙori da cikonsa ta cikinta.

An tanadi takardar shaidar talauci domin miskinai, amma samunta yana bukatar zirga-zirga tsakanin ofisoshi, kuma mutumin kirki yakan ji nauyin a rubuta sunansa cikin fakirai. Ma'aikacin gwamnati kuwa hukuma tana ɗauke masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin asibiti, mai hali kuma yana da kamfanin inshorarsa, har ma ya dawo daga aikin hajji da haƙorin Makka.

Shekarar 2005 ba ta bukatar a tuna wa mutumin Madarunfa da ita. Fara da ƙarancin ruwa sun ci amfanin gona, farashin tiyar hatsi ya haura, cibiyoyin tamowa na ƙungiyar likitocin MSF a Maraɗi suka cika da yara, duniya kuma ta ga cewa uwaye da yawa sun makara wajen kawo 'ya'yansu ne saboda tsoron kuɗin likita. Shugaba Tandja Mamadou, wanda ya riga ya cika ƙauyuka da ƙananan ɗakunan shan magani cikin shirinsa na musamman, ya sa hannu a ƙarshen 2005 cewa fiɗar haihuwa ta zama kyauta, a 2006 aka haɗa da awon ciki da tsarin iyali da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5, a 2007 aka ƙara da ciwon daji na mata. Ƙa'idar ita ce likita ta yi aiki ta aika da lissafi Yamai a biya ta, amma biyan ya riƙa jinkiri na watanni har shekaru, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa, kamar yadda masu bincike na cibiyar LASDEL suka bayyana, har ta kai wasu wurare magani ya yanke. Duk da haka mutuwar ƙananan yara ta ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo, kuma ba mai adalcin da zai hana wa wannan doka rabonta na yabo. Sai dai ma'aunin da aka yi zaɓe da shi shi ne wa ya fi kusa da kabari, kuma a bisa wannan ma'auni haƙorin magidanci ba shi da matsayi, ko da zai hana shi noma mako guda a tsakiyar damina.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ɗabi'ar ƙasashe matalauta ce kaɗai. Ingila ta buɗe jinya kyauta ga kowa ranar 5 ga Yuli 1948, har da haƙori, sai jama'a suka yi tururuwa neman haƙoran roba, kuɗi ya zarce ƙiyasi, a 1951 gwamnati ta ce a riƙa biyan wani kaso, ministan da ya kafa tsarin, Aneurin Bevan, ya ajiye aiki don fushi. Kanada, duk da arzikinta, sai a Disamba 2023 ta fara rajistar wani shiri na tarayya domin iyalan da ba su da inshorar haƙori kuma abin da suke samu a shekara bai kai dalarsu 90,000 ba, aka fara jinya a Mayu 2024. Gana ta fi mu saurin hankalta, domin inshorarta ta ƙasa ta 2003 ta haɗa da cirar haƙori da ɗan ciko.

A ƙasar Hausa kuwa baki ya shiga lissafin hukuma ne ta wata ƙofa mai ban tausayi, wato cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska. Tana farawa da ɗan kumburin dasashi da warin baki ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓi suka raunana, cikin kwanaki ƙalilan ta huda kumatu ta ci leɓe da hanci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 9 cikin 10 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna rasuwa, alhali a matakin farko wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta zauna a Damagaram tun 1992 domin waɗannan yara, an buɗe asibitinsu na musamman a Sakkwato a 1999, ma'aikatar lafiya ta Nijar ta kafa shirin ƙasa wanda ya haɗa noma da sauran cututtukan baki da haƙori, kuma ranar 15 ga Disamba 2023, bisa roƙon da Najeriya ta jagoranta, aka shigar da ita cikin jerin cututtukan da duniya ta yi sakaci da su. Ribar wannan ita ce an fara koya wa ma'aikatan ƙauye su buɗe bakin yaro su duba, abin da a da ba ya cikin aikinsu. Amma jinyar noma galibi sadaka ce ta ƙungiyoyin waje, kuma mai sadaka yana da ikon ya naɗe tabarmarsa ranar da ya ga dama.

Wani mataki kuma shi ne na Agusta 2024, lokacin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin hukuma daga 1 ga Satumba, ta kuma mai da haihuwa kyauta. Wannan sauƙi ne na haƙiƙa, kuma shi ne karo na farko cikin shekaru masu yawa da rangwame ya taɓa babban mutum don kawai shi ɗan ƙasa ne. Amma rabin kuɗi yana amfanar wanda ya isa gaban likita ne, likitocin haƙori kuwa kaɗan ne ƙwarai a Nijar, kuma mafi yawansu suna Yamai da manyan birane, don haka manomin Sarkin Yamma har yanzu hanya da masauki da asarar yini suna kansa, shi ya sa yake jinkiri har sai haƙorin da ciko zai cece shi ya zama sai cira.

Roƙona ga shugabannin komin na gundumar Madarunfa, da likitocin jiha, da malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu horar da ma'aikatan lafiya, shi ne su sake buɗe takardun gwajin Boboye su karanta, su nemi a horar da ma'aikaci ɗaya a kowace babbar likita ta komin wanda zai iya duba baki, ya kashe zafi, ya yi ɗan ciko, ya kuma gane abin da ya fi ƙarfinsa ya tura Maraɗi da wuri, sa'an nan a sa ranar da likitan haƙori zai riƙa zagayowa ƙauyuka a san da ita, a karɓi gudummawar shekara a lokacin kaka, sa'ad da hatsi yake hannun manomi.