Sabon Garin Wudil: yadda kogi, kasuwa da makarantu suka raini unguwa

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Da an ce Sabon Gari, hankalin yawancinmu Kano yake tafiya. To akwai wani a Wudil, kuma tarihinsa daban ne. Ina so mu san shi kafin garin ya sauya mana kama.

2/ Mu fara da sunan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Wajen 1913 Turawa suka ware musu wuri a bayan ganuwa, aka kira shi Sabon Gari. Haka aka yi a Zariya. Wato doka ce ta shata su, don a raba baƙo da ɗan gari.

3/ Wudil kuwa layin dogo bai bi ta cikinta ba. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Nguru ta Ringim ya ratsa. Saboda haka ba tashar jirgi ce ta tara mutane a nan ba. Gari ne ya cika ya tumbatsa, sababbin zuwa suka kafa gidaje a gefensa, sunan ya bi su.

4/ Yau Sabon Gari ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Wudil, tare da irin su Utai, Darki, Lajawa, Indabo da Achika. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 185. Ku ƙiyasta yadda aka ƙaru daga lokacin zuwa yanzu.

5/ Tsohon garin fa ba na jiya ba ne. Yankin ƙasar Joɓawa ce. Malam Bakatsine, jagoransu da ke Utai, yana cikin malaman da suka ja ragamar jihadi a Kano har aka kawar da Sarki Alwali a 1807. Gidansu ne ke riƙe da sarautar Makaman Kano, ɗaya daga masu zaɓen sarki.

6/ Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka sa hakimai su bar birni su tare a gundumominsu. Wudil ta zama mazaunin Makama. Inda hakimi ya sauka kuwa, alƙali da malaman haraji da masu neman abinci sai su biyo baya. Gari ya fara kumbura ke nan.

7/ Sai kogi. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin su iso Wudil, daga nan ruwan ya miƙe Haɗejiya. Duk mai zuwa gabas daga Kano ta wannan hanya, dole ya tsallake shi. Wurin tsallaka kuwa wurin yada zango ne: a ci abinci, a sayi kifi, wani ma ya kwana, wani ya zauna ke nan.

8/ Dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 sun sauya halin kogin. Ruwan da a da yake cika da damina ya ja da rani, yanzu sakinsa ake yi daga sama. Manoman rani sun samu, masunta kuma sai da suka sake lissafi.

9/ Ga kuma kasuwar Juma'a. Karar shanun Wudil tana cikin manya a Najeriya. Dabbobi daga arewa maso gabas da ƙasashen maƙwabta, tireloli su loda zuwa kudu. Dillali, direba, mai lodi, mai tuwo, kowa yana bukatar ɗaki. Unguwannin gefen gari ne suka sauke su.

10/ Makarantu suka zo suka ƙarasa aikin. Makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda, wadda aka kafa a 1988, ta tare a Wudil a 1996, ta samu izinin ba da digiri a 2012. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha ta buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022.

11/ Duk da wannan cika, abin da ke burge ni shi ne unguwar ba ta yar da halin ƙaramin gari ba. Ka tambayi gidan wani, yaro zai raka ka har zaure. Dattijo ya ga ɗan maƙwabci yana wasan banza, zai tsawatar ba sai ya nemi izini ba. Ɗa na kowa ne har yanzu.

12/ Da safe layin ƙosai da koko. Da yamma yara sun taso daga Islamiyya, majalisa ta shimfiɗa tabarma. Ana suna ko rasuwa, layi guda ne zai fito. Ɗalibin da ya zo daga wata jiha, wata biyu ya isa mai shago ya san sunansa ya fara ba shi bashi.

13/ Amma fa mu faɗa wa juna gaskiya. Inda ɗalibai suka yi yawa, haya tana tashi, magada su sayar da gidan gado a yanka shi ɗaki-ɗaki. Filin da yara ke ƙwallo ya koma shaguna. Tifofin yashi suna ta kwasa a kogi, ramukan da suke bari haɗari ne ga yaran da ke wanka.

14/ Ba na adawa da ci gaba, wallahi. Jami'a da kasuwa su ne abincin garin. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, kamar yadda ya faru a unguwanni da yawa na cikin Kano. Wannan ba ya dawowa da kuɗi.

15/ Ga roƙona ga matasan Wudil. Akwai tsoho ko tsohuwa a layinku da ya ga lokacin da wurin yake gonaki. Ku je ku gaishe su, ku kunna waya, ku tambaya: wa ya fara gini a nan? Daga ina ya zo? Me ya kawo shi? Su waye masu unguwannin farko?

16/ Tarihin sarakuna yana rubuce a littattafai. Na unguwa kuwa a bakin mutane yake, kuma kullum ana kai su makwanci. Wanda ya samo wani abu ya ajiye mana a ƙarƙashin wannan zaren, mu haɗa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Wudil lafiya.