Waya, Fitila da Baƙon Dare: Nazarin Gajerun Finafinan Kutse Cikin Gida

Tun fim bai fara magana ba masu shirya shi suka gano cewa mace ita kaɗai a gida, da wani ƙato a bakin ƙofa, sun isa su hana ɗan kallo motsi. A 1909 D. W. Griffith ya fitar da The Lonely Villa a Amurka, fim na 'yan mintoci. 'Yan fashi suka yaudari maigida ya fita, suka afka wa matarsa da 'ya'yansa mata uku. Tana rufe ƙofa suna ɓallewa, tana ja da baya zuwa wani ɗakin. Ta samu mijin a waya, ana cikin magana ɓarayin suka datse layin.

Da'awar wannan maƙala ita ce, jigon irin waɗannan finafinai ya fi karkata ga na'urar da mutum ya dogara da ita a cikin kaɗaici fiye da shi mai kutsen. Waya ko fitila kan sanar da mutum hatsari, amma ba ta iya fitar da shi daga ciki. Kuma gajartar fim ɗin ce ke ba wannan tsoro ƙarfinsa.

Griffith ya aro tushen labarinsa daga wasan daɓe na Faransa mai suna Au téléphone, wanda André de Lorde ya rubuta tare da Charles Foley, aka nuna a 1901. A can babu ceto: mijin yana nesa, yana jin yadda ake hallaka iyalinsa ta kan waya, ba abin da zai iya yi sai saurare. Masanin tarihin fim Tom Gunning ya nuna a wani nazarinsa na 1991 cewa al'adar irin waɗannan labarai ta taso ne daga fargabar da sababbin na'urori suka zo da ita. Griffith ya sassauta ƙarshen, maigida ya iso da 'yan sanda a kan kari. Sai dai abin da ya zauna a ran masu kallo shi ne tsalle-tsallen kyamara tsakanin gidan da ake fasawa da mijin da ke tafe, wato tazarar da waya ta cike da murya amma ta kasa cikewa da jiki.

Wadda ta fi kowa fahimtar lamarin a wancan zamani ita ce Lois Weber, a fim ɗinta Suspense na 1913, wanda ta shirya tare da mijinta Phillips Smalley, ta kuma fito a matsayin matar gidan. 'Yar aiki ta gaji da zama a gidan da ba kowa kusa, ta ajiye takarda, ta sa makulli a ƙarƙashin tabarmar bakin ƙofa, ta yi tafiyarta. Wani ɗan gararamba ya tsinci makullin. A nan Weber ta raba allo gida uku: matar tana waya, mijin yana ofis yana saurare, mai kutsen yana shigowa. Ɗan kallo shi kaɗai ne ke ganin duka ukun a lokaci guda, kuma wannan fifikon sani shi ne azabarsa. Akwai kuma wurin da matar ta leƙo ta tagar bene, mutumin ya ɗago kai daga ƙasa suka haɗa ido. Cikin kusan minti goma, ba tare da furuci ko ɗaya ba, an kafa kusan duk dabarun da ake ta maimaitawa har yau. A 2020 aka sa fim ɗin cikin kundin finafinan da Amurka ke adanawa a matsayin kayan tarihi.

Abin lura shi ne yadda mai kutsen ke ƙara matsowa da tafiyar shekaru. A wurin Griffith yana bayan ƙofa yana dukanta. A wurin Weber ya shiga kicin, har ya tsaya ya ci abinci kafin ya hau bene. A 1977 Fred Walton ya shirya The Sitter, mai kimanin minti 20, a kan tatsuniyar birni da ta daɗe tana yawo a Amurka: yarinya mai rainon yara da dare tana ta samun kira daga wani da ke tambayarta ko ta duba yaran, har 'yan sanda suka bi layin suka shaida mata cewa kiran daga cikin gidan yake fitowa. Wayar da a da ake datsewa don a raba mace da mataimaki, yanzu ita ce bakin mai kutsen.

Da wayar salula ta zama ruwan dare, an ɗauka wannan dabara ta mutu, tunda kowa na iya kira daga ko'ina. Drew Daywalt ya warware matsalar a Bedfellows na 2008, cikin kusan minti biyu. Mace na kwance da dare, waya ta yi ƙara, ta ɗauka, sai ta ji muryar mijinta yana kira daga waje. To wane ne ke kwance a gefenta?

A Lights Out na 2013, wanda David F. Sandberg ya ɗauka a gidansu a Suwidin, matarsa Lotta Losten ce tauraruwa, makunnin lantarki ne ya gaji aikin waya. Ta kashe fitilar baranda, ta ga wata inuwa tsaye. Ta kunna, babu kowa. Ta sake kashewa, ga ta nan, daga baya ma ta matso. Fim ɗin bai cika minti uku ba, ba kuɗin kirki aka kashe ba, amma ya bazu a intanet har Holiwud ta kira Sandberg. Dogon fim ɗin da ya fito a 2016 an kashe masa kusan dala miliyan 5, ya tara sama da miliyan 148. Wannan riba hujja ce ga masu ganin tsawaitawa ba ta rage komai. A nawa ganin ta rage. Dogon fim dole ya yi bayani, don haka aka raɗa wa inuwar suna Diana, aka ba ta tarihin zaman asibitin masu taɓin hankali da ciwon fata da ba ya son haske. Dodon da aka san asalinsa ya zama matsalar da za a iya nemo mata magani. Haka ta faru da Walton: a When a Stranger Calls na 1979, mintoci 20 na farko, waɗanda maimaicin gajeren fim ɗinsa ne, su ake tunawa, sauran kuwa farautar mai laifi ce irin wadda aka saba gani.

Wani zai ce tsoron ɓarawo ya girmi waya da lantarki, don haka ɗora komai a kan na'ura wuce gona da iri ne. Gaskiya ne tsoron tsoho ne. Amma wannan siga tasa tana buƙatar wani irin gida: na miji da mata da 'ya'ya kaɗan, a gefen gari, inda maƙwabci ba ya jin ihu. Wanda ya tashi a babban gida mai zaure da sassa, inda tari ma ba ya ɓuya, tambayar da zai fara yi ita ce, ina mutanen gidan? Amsar ita ce babu su, waya ce ta maye gurbinsu, shi ya sa mutuwarta ke zama mutuwar dukan taimako.

Akwai kuma abin da nau'in ke kauce wa faɗa. Mai kutsen Weber talaka ne marar matsuguni, na Walton mahaukaci, na Sandberg ba ma mutum ba ne. Kullum bare ne. Alƙaluman da sashen ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'ar Amurka ya fitar a 2010, game da shekarun 2003 zuwa 2007, sun nuna ana fasa gidaje kimanin miliyan 3.7 a shekara, kuma a kusan miliyan ɗaya daga ciki akwai wani a gida. A inda abin ya kai ga duka ko rauni, kashi 65 cikin ɗari waɗanda aka cutar sun san wanda ya shigo. Baƙin fuska kashi 28 ne kawai. Wanda ya fi yiwuwa ya shigo a irin wannan hali, ke nan, tsohon miji ne, ko saurayin da aka rabu da shi, ko ɗan uwa, ko wani idon sani, mutumin da ba sai ya laluba ƙarƙashin tabarma ba domin ya san inda makulli yake. Irin wannan mutum yana zuwa da tarihi, kuma tarihi ba ya shiga cikin minti uku.