Zunubi, Ceto da Bege a Bakin Kiristan Zango: Nazarin Kalmomin Tauhidi a Nima da Mamobi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun wasu kalmomin Hausa da Kirista da Musulmi suke tarayya a kansu a unguwannin zango na Akara, wato zunubi, gafara, ceto, fansa da bege. Hujjar da ta kafa ita ce, kalmomin suna ba maƙwabtan biyu damar yi wa juna ta'aziyya ba tare da kowa ya saki aƙidarsa ba, kuma koyarwar Kirista da ta fi zama daram a zango ita ce wadda ba ta ɗaukar wahala a matsayin shaidar zunubi.

Gabatarwa

Zango a asali masaukin fatake ne. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja daga Kano da Katsina su suka kai Hausa Salaga, kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa da yawansu zuwa kudu. Nima ta kafu a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, Mamobi kuma ta taso a gefenta. Ƙidayar jama'ar Gana ta 2021 ta nuna Kiristoci kashi 71.3 cikin ɗari ne, Musulmi kashi 19.9, amma a waɗannan unguwanni ma'aunin ya juya: Kirista ne tsiraru. Akasarinsu ba Hausawa ba ne. Akwai Farafara da Dagaba da Kasena daga arewa, inda limaman Katolika suka sauka a Navrongo tun 1906, akwai kuma Ewe da Ga da Akan. Suna ibada a majami'u irin St. Kizito ta Nima, amma ciniki da gaisuwa da faɗa da sulhu, kaso mai yawa da Hausa ake yinsu.

Kalmomi masu iyayen gida

Lamin Sanneh, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Gana da ke Legon, ya nuna a littafinsa na 1989 cewa addinin Kirista yana yaɗuwa ne ta hanyar fassara, yana aron sunan Allah da kalmomin ibada daga harshen da ya tarar. Maganarsa daidai ce, sai dai lamarin Hausa ya ɗan sha bamban. Lokacin da Dakta Walter Miller da abokan aikinsa suka kammala Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, harshen ya riga ya yi ɗaruruwan shekaru a allo da zauren malamai. Kowace kalmar addini da suka taɓa tana da mai gida. Allah, zunubi, gafara, tuba, aljanna, duk daga Larabci suka shigo ta ƙofar Musulunci, kuma fassarar 1979 ba ta sauya wannan gado ba.

A ɗauki zunubi. A kunnen Musulmi zunubi aiki ne da bawa ya aikata, ana rubuta shi, tuba kuma tana shafe shi. Annabi Adamu ya yi kuskure ya tuba aka karɓa, kamar yadda aya ta 37 a Suratul Baƙara ta nuna, kuma jariri ana haihuwarsa ne da tsarkinsa. Kirista, bisa sura ta 5 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa da bayanin Agustin na Hippo wanda ya rasu a 430, yana ganin zunubi ya wuce lissafin ayyuka: hali ne da ya kama ɗan'adam gaba ɗaya, kamar ciwon da ke cikin jini. Daga nan sauran bambancin ya tsiro. Wanda ya ɗauki zunubi bashi ne da za a iya ragewa yana neman shiriya da rahama. Wanda ya ɗauke shi ciwo yana neman mai magani. Shi ya sa kalmar ceto ta rabu gida biyu. Musulmin Nima in ya ji ceto, hankalinsa na tafiya ga ceton Annabi ranar alƙiyama, abin da ake sa rai a gaba. Maƙwabcinsa Kirista yana nufin aikin da ya yi imani Yesu Almasihu ya riga ya gama a kan gicciye, gicciyen da aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta kore aukuwarsa. Babu dabarar harshe da za ta cike wannan rami, kuma mai nazarin da ya yi ƙoƙarin lulluɓe shi ya zalunci ɓangarorin biyu.

Fansa ta fi ban sha'awa, domin ita ba daga majami'a ko masallaci ta samo nauyinta ba, daga kasuwa ne. A ƙasar Hausa fansa kuɗin da ake biya ne a 'yanta wanda aka kama, kuma Salaga da ta haifi zangunan kudu kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Mai wa'azin da ya kira Yesu mai fansa a gaban jikokin mutanen arewa, waɗanda hare-haren bayi suka ɗaiɗaita ƙauyukansu a ƙarshen ƙarni na 19, ba ya bukatar dogon sharhi. Abin lura kuma, kalmar ɗaya ce take cikin ɗaukar fansa, wato ramuwa. Harshen da kansa ya ajiye biyan bashi da rama cuta a ƙwarya guda.

Inda hanyoyin suka kusanci juna shi ne gafara tsakanin mutum da mutum. Malamai suna raba haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, suna cewa na biyun ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Don haka ake tashi a wurin jana'iza a roƙi jama'a su yafe wa mamaci, mai binsa bashi kuma ya fito. Addu'ar Ubangiji a sura ta 6 ta Matiyu ta ɗaure gafarar Allah da yafe wa ɗan'uwa, kuma kalmar da nassin Girkanci ya yi amfani da ita a wurin ita ce ta bashi. Gana ta gwada wannan a fagen siyasa da Hukumar Sasantawa ta Ƙasa da ta yi aiki daga 2002 zuwa 2004, inda Bishop Charles Palmer-Buckle da Maulvi Wahab Adam suka zauna cikin mambobinta. Hukumar ba ta tsaya ga kiran a yafe ba, ta saurari waɗanda aka zalunta, ta kuma ba da shawarar a biya diyya.

Wahala: laifin wa?

Zango ya san wahala da sunanta. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, iyalai da yawa da aka haifa a Gana suka tattara komatsai. Babban kwalbatin da ya ratsa tsakanin Nima da Mamobi yana zubar da ruwansa a kogin Odaw, kuma a daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka mutu, da yawansu sun fake wa ruwan sama ne kawai. Tambayar da irin wannan dare yake tayarwa tsohuwa ce: me suka yi?

Amsa biyu ke yawo a majami'un Akara. Ɗaya ita ce wadda Paul Gifford ya nazarta a littafinsa na 2004 kan sabbin majami'un Gana, wa'azin da ke alkawarta arziki da lafiya ga mai bangaskiya, yana kuma danganta talauci da la'ana ko raunin imani. Ba a musun cewa yana zaburar da matasa su tashi su nema. Amma a unguwar da mai sallah biyar da mai zuwa sujada ranar Lahadi suke haya a gida ɗaya, suna layin bayan gida ɗaya, ruwa kuma ya shiga ɗakunansu dare ɗaya, wannan lissafi ba ya fita. Ɗaya amsar ta fi tsufa. A sura ta 13 ta Luka, Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗo wa a Siluwam, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi; a sura ta 9 ta Yohanna ya ƙi ɗora makantar wani a kan zunubinsa ko na iyayensa. Ga kuma Ayuba, wanda Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki suka sani, wanda Bahaushe ke buga misali da haƙurinsa. Wannan koyarwa ce maƙwabci Musulmi yake ganewa nan take, domin yana da kalmar jarrabawa a bakinsa.

Za a iya cewa Kiristocin Nima ba da Hausa suke yawancin ibadarsu ba, don haka nazarin nan na Kaduna ne ko Jos, ba na Akara ba. Sukar tana da ƙafa, amma ta ɗauka tauhidi a kan mumbari kaɗai yake. A ƙofar gidan makoki, inda mutum zai ce Allah ya ba da haƙuri, ɗayan ya amsa da amin, can ne aƙidun biyu suke gogayya kullum, kuma da Hausa. Suka ta biyu ta fi nauyi: cewa begen rai madawwami maganin barci ne da ke sa talaka ya haƙura da kwata maimakon ya nemi a gyara ta. Hakan na faruwa, kuma wa'azin da ya mai da haƙuri ya zama naɗe hannu ya cancanci zargin. Sai dai kalmar bege kanta ba ta mai zaman kashe wando ba ce. A bakin Musulmi bege shauƙin Annabi ne da ke hana mai shi sukuni; Kiristan Hausa ya ɗauke ta don abin da wasu fassarori suka kira sa zuciya. Fada Andrew Campbell, ɗan Ailan da ya zo Gana a 1971, ya shafe shekaru yana hidimar kutaren da suka warke a Weija, kuma da wuya a ce wa'azin tashin matattu ya sanyaya masa gwiwa.

Majami'ar da yake jagoranta a 2019, Christ the King, ita ce Babban Limamin Gana Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya ziyarta ranar Ista, 21 ga Afrilu 2019, cikin bukin cikarsa shekara 100. Wasu Musulmi sun soki ziyarar, mai magana da yawunsa kuma ya bayyana cewa zumunci ya kai shi, ba ibada ba. A ganina wannan bayani bai rage wa ziyarar komai ba, shi ne ma ya ba ta daraja: Shehu ya shiga da aƙidarsa, ya fita da ita, masu masaukinsa ma haka. Darajar ta ƙara fitowa ganin cewa a ranar ziyarar ce aka tayar da bama-bamai a majami'u da otal-otal na Siri Lanka, mutum fiye da 250 suka rasa rayukansu.