Ɗaki Kusa da Tasha: Tarihin Masaukin Ɗan Ci Rani na Adar

Duk shekara, da zarar an kammala girbi, samarin Keita da Buza da Madawa sukan ɗaure kaya su nufi Ƙonni, su tsallaka Illela, daga nan sai Sakkwato, Kano ko Ikko. Idan ka tambayi ɗayansu inda ya sauka, sau da yawa zai ce maka kusa da tasha. Wannan zaɓi yana da tsohon tarihi da ya kamata iyaye da malamai su sani.

Tun zamanin ayari, baƙo ba ya neman masauki a tsakiyar birni. Fatake da Buzaye masu raƙuma sukan ya da zango a Fagge, bayan ganuwar Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanyar kudu ta buɗe, zangon ya bi layin dogo. A Agege, Hausawa suka taru kusa da tashar jirgi saboda cinikin goro. A Badun, an kafa unguwar Sabo a 1916, inda harkar shanu da goro ta kankama.

Abin lura shi ne, a waɗannan unguwanni ba ɗaki kaɗai baƙo yake samu ba. Yana sauka ne a hannun maigida, wato fatoma, wanda ke ba shi makwanci da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba da bashi. Masani Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Sabo. Ladan maigida yana fitowa daga la'adar ciniki, don haka amfaninsa yana ɗaure da lafiyar baƙonsa.

Farin 1973 da na 1984 sun ƙara tura mazan Adar waje. Lokacin da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, mata ne suka fi yawa wajen jera duwatsu da dasa itatuwa, domin maza da dama suna ci rani.

Yau tasha tana nan, amma dangantakar ta sauya. A Ikko, motocin BRT sun fara aiki a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, kuma ɗakin da ke kusa da irin wannan hanya ya fi tsada, tunda yana rage kuɗin mota da ɓata lokaci. Mai gidan haya yakan nemi kuɗin shekara gaba ɗaya, ban da la'adar dillali. Yaron da bai da wannan kuɗi sai ya haɗu da 'yan garinsu su cunkushe a ɗaki guda, ko ya kwana a rumfar kasuwa.

Saboda haka, kafin a sallami yaro, kada a tsaya ga kuɗin mota. A tambaye shi a hannun wa zai sauka, wa ya san mutumin a gida, kuma wa za a kira idan ciwo ko rigima ta taso. Kakanninmu ba sa sakin ɗa ya kama hanya sai sun san sunan maigidansa.