Zaɓen Ɗakin Haya a Ingila ga Wanda Zai Daɗe Shi Kaɗai

Wannan bayani ne ga 'yan uwa masu zuwa Ingila karatu ko aiki na shekara guda ko fiye, ba tare da iyali ba. Dokokin da aka ambata na Ingila ne, domin Sikotilan da Wales suna da nasu tsarin. Abin da ya kamata mai neman ɗaki ya riƙe shi ne, kuɗin haya daban, kuɗin zama daban. Ɗakin da ya fi araha a talla sau da yawa shi ya fi cin aljihu a ƙarshen wata.

Lissafin farko

Wasu masu gida suna faɗin haya a kan mako, wasu a kan wata. Kada ka ninka ta mako sau 4. Ka ninka sau 52, sannan ka raba gida 12. Ɗakin fam 200 a mako ya kama kusan fam 867 a wata, ba 800 ba.

A kan wannan sai ka ɗora kuɗin mota, da wuta, da gas, da ruwa, da intanet, da harajin ƙaramar hukuma. Wannan haraji yawanci ɗan haya ne ke biyansa, kuma ya danganta da rukunin gidan, daga A zuwa H. Wanda ke zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100 idan ya nema, ɗalibi mai karatun cikakken lokaci kuwa an ɗauke masa. Ka tambayi mai gida a rubuce, me da me ke cikin kuɗin haya.

Nisa da wurin aiki

An raba Landan shiyya-shiyya, daga ta 1 a tsakiyar birni zuwa ta 9, kuma kuɗin jirgin ƙasa yana ƙaruwa da yawan shiyyoyin da ka ratsa. A misali, ga ɗakin fam 750 da za ka taka da ƙafa zuwa aiki, ga na fam 600 da zai ci maka fam 200 na jirgi duk wata. Na biyun ya fi tsada da fam 50, ban da awa biyu da za ka zubar a hanya kullum.

Kafin ka sa hannu, ka bi hanyar da kanka a lokacin da za ka riƙa binta, da safe da kuma dare. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, saboda haka unguwar da ka gani da hasken rana ba ita za ka riƙa komawa ba. Mai aikin dare ya duba ko akwai bas mai kwana tana aiki a layin.

Ɗumin ɗaki

A nan ne baƙi suka fi yin asara. Lokacin ina ɗalibi na kama wani ɗaki a ƙarƙashin bene saboda araharsa, ashe hitar lantarki ce kawai a ciki. Kafin sanyi ya wuce, abin da na zuba wa mita ya cinye rarar da na yi murnar samu, ga tari da ya ƙi barina.

Yawancin gidajen haya suna da takardar EPC, wadda ke nuna yadda gida yake riƙe ɗumi, daga A mafi kyau zuwa G. Tun shekarar 2020 doka ta hana ba da hayar gidan da ya gaza E, sai wanda aka yi wa rangwame na musamman. Idan da hali ka nemi C ko D. Ka duba ko gilashin taga mai ruɓi biyu ne. Ka leƙa bayan kabad da kusurwar banɗaki: baƙin tabo alamar danshi ce da funfuna, sabon fenti a bango ɗaya tak shi ma abin tambaya ne. Ka buɗe famfon ruwan zafi ka ga ƙarfinsa.

Haka kuma ka nemi takardar binciken gas, wadda ake sabuntawa duk shekara, da ta wayoyin lantarki, wadda ake yi duk shekara 5. Dole a sami na'urar gargaɗin hayaƙi a kowane hawa. Wanda ke kwana shi kaɗai ba shi da mai tashinsa.

Jama'a

Kaɗaici ma yana da nasa farashin. Mutum zai iya yin mako bai gaisa da kowa ba. Ka duba nisan ɗakin da masallaci ko coci, da shagon naman halal, da likitan unguwa, da gidan wani ɗan uwa da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa idan an kwana biyu ba a ji ɗuriyarka ba. A Landan akwai kayan abincin gida a Peckham, akwai manyan masallatai a Whitechapel da Regent's Park.

Gidan haɗaka, inda kowa ke da ɗakinsa ana raba kicin, ya fi sauƙin kuɗi kuma yana rage kewa, amma ka ga abokan zaman tukuna. Gidan da ke da 'yan haya 5 ko fiye waɗanda ba iyali ɗaya ba sai da lasisin ƙaramar hukuma. Wanda kuma ya kama ɗaki a gidan da mai shi ke zaune ciki, ya sani cewa kariyar doka a kansa kaɗan ce.

Kuɗi da takardu

Tun 2016 wajibi ne mai gida ya duba izininka na zama a ƙasa, don haka ka shirya shaidar bizarka. Dokar 2019 ta hana dillalai karɓar kuɗin cika fom. Kafin alƙalami kada ya wuce hayar mako 1, kuɗin ajiya kuma kada ya wuce na mako 5 idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba. Dole mai gida ya sa kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin hukumomi 3 da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya kuma ba ka shaida.

Dokar 'yan haya ta 2025, wadda aka sa ranar 1 ga Mayu 2026 don fara aiki da ita, ta tanadi cewa ɗan haya zai iya tashi da notis na wata 2, kuma ba za a nemi ya biya fiye da hayar wata 1 a gaba ba. Ranar da ka tare, ka ɗauki hoton bango, da kafet, da mitoci, domin su ne shaidarka ranar fita.

Gani ya kori ji

Kada ka tura ko sisi daga gida a kan ɗakin da ka gani a Facebook ko WhatsApp. Mai cewa yana tafiya, a turo kuɗi ya aiko da makulli, ɗan damfara ne. Gara ka sauka wurin ɗan uwa ko masaukin wucin gadi na mako biyu zuwa uku, ka duba ɗakuna uku ko huɗu, ka rubuta cikakken lissafin kowanne a takarda, sannan ka zaɓa. Iyaye kuma a taimaka, kada a matsa wa yaro ya kama ɗaki tun bai sauka daga jirgi ba.

Allah Ya sa a dace, Ya haɗa mu da maƙwabta nagari.